Gashin radiyeshin bayan tsaga tabon hanyar fitsari: yana hana tsukewa ta dawo, ko ƙara ta yake yi?

Dakta Nafi'u: Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan tsukewar hanyar fitsari ta maza ce, wadda ke dawowa bayan an tsaga ta ta ciki. Kowa ya san halinta. A shiga da madubi, wato siririn bututun da ake leƙa cikin hanyar da shi, a tsaga tabon, fitsari ya zubo kamar an buɗe famfo, bayan wata huɗu ko shida mutum ya dawo yana yunƙuri a banɗaki, fitsarin na fita kamar zare. To tunda ana gasa tabo mai tudu na fata da tururin radiyeshin, irin gashin da ake yi wa kansa, bayan an yanke shi don kada ya sake tasowa, me ya hana a yi wa tabon hanyar fitsari haka? An taɓa gwadawa kuwa? In an gwada, da wane adadi, kuma me ya sa ba a jin ɗuriyarsa?

Dakta Kabiru: Wa alaikumus salam. An gwada, kuma Dakta Maryam ta fi ni sanin yadda aka yi shi. Amma kafin a kai ga gashi, bari mu daidaita a kan abin da ake son hanawa, don da yawa suna ɗaukar tabon a matsayin wani zobe siriri da ke saman fatar ciki. Ba haka yake ba. Hanyar fitsarin namiji tana da tsawon kusan santimita 18 zuwa 20, kuma ɓangarenta na gaba yana kwance ne cikin wani nama mai kama da soso, cike da jini. Tabon a cikin soson nan yake. Abin da ka gani da madubi bakin rami ne kawai, zurfinsa na iya kai milimita da yawa, tsawonsa kuma yakan zarce inda ido ya tsaya.

Idan ka tsaga, a bisa al'ada ta sama wajen ƙarfe 12 in an ɗauki hanyar kamar fuskar agogo, ba cire tabon ka yi ba. Rauni ka buɗe a cikinsa, kana fatan fatar ciki ta rufe raunin tun yana buɗe, kafin naman da ke ƙasa ya ja bakinsa ya haɗe. Tsere ne tsakanin abu biyu. In tabon gajere ne kuma soson da ke ƙarƙashinsa na da jini, fatar takan yi nasara. In dogo ne ko ya yi tauri, jan baki ne ke cin tseren.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. Pansadoro da Emiliozzi a Italiya, a 1996, sun sami dawowar tsukewa a kashi 68 cikin 100 bayan tsagawar farko. A ɓangaren da ke tsakanin maraina da dubura, in tabon bai kai santimita 1 ba an yi nasara a kashi 71, in ya wuce haka sai ta faɗo zuwa kashi 18. Heyns da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu, a 1998, sun nuna cewa tsagawa ta uku a jere ba ta tsinana komai. Santucci da Eisenberg a Amurka, a 2010, sun sami nasarar kashi 8 kacal a karon farko. Saboda haka duk wanda ya nemi abin da zai ƙara wa tsagawa ƙarko, yana da hujja.

Dakta Maryam: Yallaɓai ya share fage. Tunanin daga wurare biyu ya fito. Na farko shi ne wanda Dakta Nafi'u ya ambata, tabo mai tudu. In an yanke shi kawai, fiye da rabi sukan dawo, wani lokaci ma ya fi na da girma. In aka gasa wurin cikin awa 24 zuwa 72 bayan yankan, dawowar takan sauka ƙasa da kashi 20 a yawancin rahotanni. Na biyu jijiyoyin zuciya ne. A ƙarshen shekarun 1990 an riƙa zura ƙwayar gashi cikin jijiyar da aka buɗe da ragar ƙarfe amma ta sake toshewa, kuma ya yi aiki.

Dalilin ɗaya ne a duka biyun. Bayan rauni, ƙwayoyin da ke saƙa tabo suna fara hayayyafa daga kwana na biyu ko na uku, su ci gaba har kusan mako uku. Ƙwayar halitta da ke cikin rabuwa ita ce gashi ya fi kamawa. In ka same su a farkon tashinsu, ka rage yawan masaƙan. In ka bari sun gama zuba zarensu, gashi ba ya narkar da tabon da ya riga ya kafu. Shi ya sa lokaci ya fi komai nauyi a wannan aiki: kashi na farko ranar tiyatar ko washegari, ba bayan mako biyu ba.

A hanyar fitsari, rahotannin da aka fi ambata biyu ne. Ɗaya daga Shanghai ta ƙasar Sin a 2001, mutum 17. Ɗaya daga Essen ta Jamus a 2003, mutum 10. Duka da iridiyam-192, wani sinadari mai fitar da tururin gashi, aka yi, ta cikin robar fitsari, jimillar adadin kuma tsakanin Gy 10 zuwa 16 (Gy shi ne ma'aunin yawan gashin da nama ya sha), a rarrabe cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wani ƙaramin gwaji a Koriya ta Kudu a 2006, mutum 5, inda aka cika balan-balan da ruwan reniyam-188 aka hura shi a wurin tsukewar. Sakamakon farko-farko ya ba da ƙwarin gwiwa, musamman na Shanghai, inda mafi yawansu ba su sake tsukewa ba cikin shekara ɗaya zuwa biyu da aka bi su.

Dakta Nafi'u: To ai wannan ya fi kashi 8 nesa ba kusa ba.

Dakta Kabiru: Kada ka haɗa su, Nafi'u. Mutum 17 ba tare da wani rukuni da za a auna su da shi ba. Ba ka san nawa ne cikinsu za su zauna lafiya ko da ba a gasa su ba.

Dakta Maryam: Gaskiya ne, kuma ba zan kare wannan ba. Amma bari in faɗi yadda ake yin aikin, don a san abin da ake gardama a kai.

Tun kafin tiyata ana ɗaukar hoton hanyar fitsari da ruwan da ke fitowa a hoto, ana tura shi ta bakin gaba, a auna tsawon tabon da inda yake. A tabbatar babu ƙwayar cuta a fitsari. Bayan an tsaga, sai a saka roba mai lamba 16 ko 18 wadda ke da rami a tsakiya, rufaffe a ƙarshe, inda siririn bututun gashi zai bi. A zura wayar gwaji mai alamomi, a ɗauki hoto, a ga inda alamomin suka faɗa dangane da wurin da aka tsaga. Tsawon da za a gasa shi ne tsawon tsagar duka, ba na tabon kaɗai ba, a ƙara rabin santimita zuwa santimita 1 a kowane gefe. Daga nan a haɗa bututun da na'ura, kowa ya fita daga ɗakin, na'urar ta tura ƙwayar. Ita ƙwayar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tsawonta kusan milimita 3.5, a manne a bakin waya. Tana tsayawa wuri-wuri, taki milimita 2.5 ko 5, 'yan daƙiƙoƙi a kowane wuri, sannan ta koma gidanta. Duka zaman 'yan mintuna ne. Ba abin da ke zama a jikin mutum, ba ya ɗauke da wani tururi da zai cutar da iyalinsa. A maimaita kullum har kwana uku ko huɗu, sannan a cire robar.

Malam Isiyaku: Salamu alaikum. Ni ɓangaren lissafi zan taɓa, don a nan ne abin ke ba ni tsoro.

Lambar roba in ka raba ta uku ka sami faɗinta a milimita. Mai lamba 18 faɗinta milimita 6 ne, wato daga tsakiya zuwa bangon hanyar fitsari milimita 3. A ce likita ya ce yana son Gy 4 a zurfin milimita 3 cikin nama. Wannan wurin yana milimita 6 daga ƙwayar. Idan ƙwayar ta yi layi mai ɗan tsawo, ƙarfin yana raguwa ne daidai da nisa: nisa ya ninka, ƙarfi ya koma rabi. To fatar cikin da ke manne da robar, wadda ke milimita 3, Gy 8 take sha a kowane zama, ba 4 ba. Zama huɗu, Gy 32.

Kuma Gy 32 a kashi huɗu ba daidai yake da Gy 32 a kashi goma sha shida ba. Naman da ke nuna illa a makare, irin jijiyoyin jini ƙanana da soson nan, babban kashi ya fi yi masa ɓarna. In ka juya Gy 8 sau huɗu zuwa ma'aunin da aka saba na Gy 2 a kullum, da lambar lissafi ta 3 da ake amfani da ita wa irin wannan nama, za ka sami kusan Gy 70. Wannan ya kusa adadin da ake ba kansar furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji. A takarda an rubuta 16, amma bangon hanyar ya sha abin da ya yi daidai da 70.

In aka sauko zuwa Gy 3 sau huɗu, bangon zai sha 6 sau huɗu, wanda ya yi daidai da kusan Gy 43. Da sauƙi. Amma a zurfin da tabon yake, abin da ya isa can ya yi ƙasa sosai da abin da ake bukata a tabo mai tudu. A can, ƙa'idar da Kal da Veen suka fitar a 2005 ita ce a kai aƙalla 30 a ma'aunin tasiri. Gy 4 sau huɗu yana ba da 22.4 a wannan ma'auni, Gy 3 sau huɗu kuma 15.6. Ka ga inda aka tsaya: in ka ƙara don ka kai ga masaƙan tabon, ka ƙona bango, in ka rage don bango ya tsira, ba ka kai gare su ba. Gaba kura, baya sayaki.

Dakta Maryam: Lissafinka daidai ne Malam, sai dai abu biyu. Naman da ke shan wannan adadi mai yawa siriri ne ƙwarai, bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, kuma tsawonsa santimita uku ko huɗu. Illar gashi tana tafiya da yawan naman da ya sha, ba da lamba mafi girma kaɗai ba. A gashin furostet ta ciki ma hanyar fitsari tana shan fiye da adadin da aka rubuta, kuma mafi yawan mutane ba sa tsukewa. Na biyu, ba dole ne a ce abin da tabon fata ke bukata shi ne tabon soso ke bukata ba. Don hana ƙashi tsirowa a nama bayan tiyatar ƙugu, Gy 7 ko 8 sau ɗaya ya wadatar.

Malam Isiyaku: Na yarda da na farkon in ƙwayar tana tsakiya. To in ba ta tsakiya fa? Bututun gashi faɗinsa bai kai milimita 2 ba, ramin roba ya fi shi faɗi, hanyar kuma a lanƙwashe take daidai wurin da aka fi samun tabon. Waya a cikin lanƙwasa gefe take kwanciya. In ta kauce da milimita 1 kacal, gefe ɗaya ya koma milimita 2, ɗayan 4. Na kusa zai sha Gy 12 a zama guda, na nesa 6. Ninki biyu ke nan tsakanin bango da bango, daga kaucewar da ido ba zai gani a hoton gefe ɗaya ba. In tsagar ƙarfe 12 ce ta faɗa a gefen nesa, an gasa lafiyayyen nama an bar raunin. Dole robar ta zama wadda aka ƙera don riƙe bututun a tsakiya, kuma a duba da hoton sikan mai yanka-yanka, ba hoton gefe ɗaya ba.

Sista Ladi: Ku ƙara da motsin tsawo. Duk wanda ya auna wurin tabo daga bakin gaba zai sha mamaki, don gaban namiji ba ya zama a tsawo ɗaya. Awon da aka yi a ɗakin tiyata mutum na cikin barci, an ja gaban an miƙe shi, ba zai yi daidai da na washegari ba yana kwance a gado cikin sanyi. Bambancin na iya kai santimita biyu. Abin dogaro shi ne balan-balan ɗin robar, wanda ake cikawa da ruwa a cikin mafitsara don ya riƙe ta: a ja ta a hankali har ya zauna a wuyan mafitsara, a auna daga can, a yi haka a kowane zama. A sa alama da filasta a jikin robar daidai bakin gaba, a manne ta a cinya ko a mara ba tare da an ɗaure ta tamau ba. Kuma a tuna da tashin gaba na dare, yana ja robar, yana iya sa tsagar ta yi jini. In ruwan balan-balan ya ragu, robar ta zame, duk lissafin Malam Isiyaku ya tashi a banza. A duba ruwan kafin kowane zama.

Dakta Tukur: Bari in sa baki daga ɓangaren zuciya, tunda an ambace mu. Abin da Sista ta faɗa shi ne ainihin abin da ya dami gashin jijiya. Inda balan-balan ɗin buɗe jijiya ya ji wa bango rauni amma gashi bai kai can da ƙarfi ba, wato bakin wurin ta kowane gefe, nan ne sabuwar toshewa ke fitowa. A hoto sai ka ga tsakiya a buɗe, gefe biyu a shaƙe, kamar alewar da aka murɗe ledarta. Ƙaramin adadi a kan nama mai rauni ba ya hana tabo, har ana ganin yana iya zuga shi. Abu na biyu, gashi ya jinkirta rufewar fatar cikin jijiya, sai jini ya riƙa daskarewa bayan watanni, har aka tsawaita shan maganin tsinka jini.

Amma fa ya yi aiki, kuma an tabbatar da shi da gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, tun daga na Teirstein a 1997. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000. Abin da ya kore shi ba gazawa ba ce, raga mai ɗauke da magani ce ta zo a 2003 da 2004, ba ta bukatar ɗaki mai katangar kariya ko likitoci kala uku a lokaci guda.

Dakta Kabiru: Batun jinkirta rufewar fata da Dakta Tukur ya kawo, shi ne ya fi damuna. Na ce tsagawa tsere ce tsakanin fatar ciki da jan baki. Gashi ba ya zaɓe. Fatar ciki ita ma rabuwa take yi don ta rufe raunin, kuma ita ce ta fi kusa da ƙwayar, ita ke shan ninki biyu. Ka rage wa ɗan tseren da kake so gudu fiye da wanda ba ka so. Raunin da ya daɗe a buɗe kuma fitsari na ratsa shi yana shiga soso, fitsari a cikin soso kuwa shi kansa mai haddasa tabo ne. A fata ba haka ba ne: an ɗinke raunin, baki ya haɗu da baki, ba abin da ke wanke shi sau shida a rana.

Sannan ga abin da ba a son faɗa. Gashi yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo tsukewar hanyar fitsari. Bayan gashin kansar furostet, kusan kashi 2 cikin 100 sukan tsuke in ta waje aka yi ko ta ciki kaɗai, kusan kashi 5 in an haɗa biyun. Mafi yawa a wuri guda suke fitowa, dab da tsokar da ke riƙe fitsari. Yadda abin ke faruwa shi ne ƙananan jijiyoyin jini su riƙa toshewa sannu a hankali, naman ya rasa jini, ya yi fari ya yi tauri. Kuma ba ya bayyana da wuri, yawanci sai bayan shekara biyu ko uku, wani ma fiye. To rahoton da ya bi mutane wata 20 ya rufe littafi, ya tashi ne daidai lokacin da illar za ta fara sallama.

Dakta Maryam: Adadin kansar ya wuce Gy 70 a faɗin nama mai yawa, Yallaɓai. Ba adalci ba ne a ɗora laifinsa a kan Gy 12.

Dakta Kabiru: Malam Isiyaku ya riga ya nuna mana cewa 16 ɗinku 70 ce a bango.

Dakta Maryam: A kaurin milimita ɗaya.

Dakta Kabiru: Hajiya, a kaurin milimitan nan nake sa allura. Nan ne bakin zaren. Tsukewar da ta dawo tana da magani wanda aka sani: a buɗe ta waje a gyara. In gajeriya ce a ɓangaren tsakanin maraina da dubura, ƙasa da santimita 2, a yanke tabon gaba ɗaya a haɗa lafiyayyen baki da lafiyayyen baki, nasara kusan kashi 90. In doguwa ce, a ɗebo fatar cikin kumatu a yi faci, nasara kusan kashi 80 zuwa 85. Shi facin nan ba ya zuwa da jininsa. Kwana biyun farko tsotsar ruwa yake daga naman da aka shimfiɗa shi a kai, daga nan jijiyoyi su tsiro su shige shi. In shimfiɗar gasasshiya ce, jijiyoyinta sun mutu, da me zai kama? Gyara a naman da aka gasa nasararsa ta fi ƙasa, warkewa ta fi jinkiri, yoyon fitsari ya fi yawa. Wato don a guje wa tiyatar da ke warkarwa, an yi abin da zai lalata ta in an dawo gare ta. Shi ya sa jagororin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka na 2016, da gyaransu na 2023, suka ce in tsukewa ta dawo a ba mutum zaɓin gyara ta waje maimakon a yi ta tsagawa. Gwajin da aka yi a Birtaniya aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa gyara ta waje, bukatar sake yi musu wani aiki ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda aka sake tsagawa.

Dakta Nafi'u: Maraina fa? Suna kusa da wurin.

Malam Isiyaku: Suna kusa, kuma tururin iridiyam yana tafiya nesa, sai dalma mai kaurin kusan milimita 3 kafin ya ragu da rabi. In an gasa tsawon santimita 4, maraina kuma suna santimita 5 daga layin, za su sha kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na adadin da aka rubuta. A Gy 16, kusan rabin Gy ke nan. Ƙwayoyin haihuwa suna fara raguwa tun daga Gy 0.1 zuwa 0.15, na ɗan lokaci, su farfaɗo bayan watanni. Rashin haihuwa na dindindin sai an kai Gy 3.5 zuwa 6 a lokaci guda, saboda haka ba a kusa da can ba. Duk da haka, saurayin da bai gama haihuwa ba dole a gaya masa, a ja marainan nesa da filasta, a sa kariyar dalma.

A nan ne masu ɗan gajeren zango suka fi. Reniyam-188 da fosfaras-32 ƙarfinsu na ƙarewa cikin 'yan milimitoci, kusan ba abin da ke kai wa maraina. Balan-balan mai ruwan reniyam kuma ya warware matsalar tsakiya, don ruwan na taɓa bango ta ko'ina daidai. Amma raguwar ƙarfinsu ta fi ta iridiyam tsanani, bango ya sha da yawa, zurfi ya sha kaɗan. In balan-balan ya fashe kuma, ruwan ya zube cikin hanya. Reniyam ƙarfinsa na komawa rabi cikin awa 17, ba a ajiye shi, sai an tatso shi ranar aiki. Iridiyam kwana 74 ne, ana canza ƙwayar kusan duk wata uku.

Dakta Maryam: Akwai kuma haɗarin kansa daga gashin kansa bayan shekaru masu yawa. Ƙarami ne, amma da yawa cikin masu wannan ciwo 'yan shekara 30 ko 40 ne, daga faɗuwa a kan ƙarfe, ko ciwon sanyi, ko robar da aka saka musu da ƙarfi. Ba na gasa mai shekara 30 saboda ciwon da wuƙa ke warkarwa. A nan ba mu da saɓani da Yallaɓai.

Inda nake tsaye shi ne wani mutum daban: dattijo, zuciya ko huhu ba za su ɗauki tiyatar awa biyu ko uku ba, an tsaga sau uku ta dawo, hannunsa na rawa ba ya iya saka wa kansa roba. Shi ba a tanadar masa wata tiyata a gaba balle a ce an ɓata ta. Illar shekara ashirin ba ta shafe shi ba. Ga irinsa tambayar a buɗe take, kuma ba a amsa ta ba don ba a yi gwajin da ya dace ba.

Dakta Kabiru: Ko shi ɗin yanzu yana da abin da ya riga gashi a layi. Abin da ya faru a zuciya ya maimaita kansa: balan-balan mai rufin maganin paklitaksel, Optilume, wanda Amurka ta amince da shi a Disamba 2021. Aikinsa ɗaya da wanda ake nema daga gashi, hana masaƙan tabo rabuwa, amma ba ya kashe jijiyoyin jini na dindindin. An gwada shi da ƙuri'a a mutum 127 masu tsukewar da ta sha dawowa, tsawonta bai wuce santimita 3 ba. A wata shida, kusan kashi 75 hanyarsu na buɗe, a ɗaya rukunin kusan kashi 27. A shekara guda, kashi 83 ba su bukaci wani aiki ba, a can kuma kashi 22. Yana da nasa sharaɗin, maganin na fita a maniyyi na wani lokaci, sai an yi amfani da kwaroron roba an kuma jinkirta neman haihuwa. Akwai kuma allurar sitiroyid ko mitomaisin a cikin tsagar, ko da yake mitomaisin ya taɓa cin nama a wasu da aka yi wa a wuyan mafitsara.

Sista Ladi: Kada a manta da mai arha. Wanda hannunsa ke aiki, a koya masa saka roba mai lamba 14 ko 16 da kansa, da man santsi isasshe, ta wuce wurin tabon, ya cire. Kullum da farko, sannan a riƙa tazara har ya koma sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya yi fiye da wata huɗu ya fi wanda ya tsaya kafin wata uku. Ba warkarwa ba ce, riƙe ƙofa ne, ranar da ya daina tabon na iya ci gaba daga inda ya tsaya. In ta ƙi shiga kada ya tura da ƙarfi, nan ake huda hanyar ƙarya.

Dakta Nafi'u: To in wani zai sake gwada gashin yadda ya kamata, me za a auna?

Dakta Maryam: Rukuni biyu da ƙuri'a, tsagawa da gashi a gefe ɗaya, balan-balan mai magani a ɗayan, don shi ne abokin karawar yanzu, ba tsagawa zalla ba. A rubuta adadin bango da na zurfi duka biyu ga kowane mutum. A bi su shekara biyar aƙalla.

Dakta Kabiru: Kuma kada a auna nasara da "ya ce yana jin daɗin fitsari". Mutum ba ya fara jin tsukewa sai hanyar ta ragu sosai, ƙasa da lamba 10 ko kusa da haka. A auna gudun fitsari da na'ura, da sharaɗin ya fitar da aƙalla mililita 150, in ba haka ba awon ba shi da amfani. Ƙasa da mililita 15 a daƙiƙa, ko zanen ya fito a shimfiɗe kamar tebur maimakon tudu, abin zargi ne. Sannan madubi mai lanƙwasa lamba 16 a wata 3, wata 12, da kowace shekara bayan haka: ya wuce ba tare da an tura ba, ko bai wuce ba. A rubuta launin fatar wurin ma, ko ta yi fari, ko tana jini da an taɓa. Duk wanda ya ƙare a tiyatar gyara daga rukunin gashi, a bi shi daban a ga ko facin ya kama.

Malam Isiyaku: A ƙara da tazarar santimita 1 daga tsokar riƙe fitsari. Tabon da ke dab da ita, in ka ba shi gefen da Dakta Maryam ta ce a ƙara, tsokar ta shiga cikin wurin gashi. Irin waɗannan a cire su daga gwajin tun farko.